Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Wasannin Matasa Kan Gwajin Ƙwaƙwalwa Kafin Kakar Wasa

Zuwa ga shugabannin hukumomin wasannin makarantun sakandare, da masu cibiyoyin horar da matasa, da jagororin ƙungiyoyin 'yan ƙasa da shekara 18.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa, muna fatan kuna lafiya tare da yaran da aka damƙa muku amana. Allah ya ƙara muku ƙarfin ɗaukar wannan nauyi.

Mu ma'aikatan lafiya ne da ke duba 'yan wasa: likitocin wasanni, da masu gashin ƙashi, da ma'aikatan jinya, da masu auna aikin ƙwaƙwalwa. Muna magana da yawun yaran da ake kawowa asibiti bayan sun bugu a ka, da kuma iyayensu, waɗanda suka sa hannu a takardar izini da imanin cewa an tanadar wa 'ya'yansu kariya. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne tsarin da da yawa daga cikinku suka runguma: a tara sababbin 'yan wasa a ɗaki guda, a yi musu gwajin tunani da saurin fahimta sau ɗaya a shekarar da suka shigo, a adana makin, sannan duk ranar da wani ya bugu a sake gwada shi, in makinsa ya kai na da, a ce ya koma fili. Niyyarku kyakkyawa ce, mun shaida. Amma a yadda ake gudanar da shi, wannan tsari yana iya mayar da yaron da bai warke ba cikin wasa, da takarda a hannu mai cewa lafiyarsa ƙalau.

Gwajin tushe, wato wanda ake yi tun yaro yana lafiya kafin a fara kakar wasa, amfaninsa ɗaya ne: ya nuna wa likita yadda wannan yaron yake tunawa, da maida hankali, da saurin amsawa, da tsayuwa daidai kafin wani abu ya same shi. Girgizar ƙwaƙwalwa, wato raunin da buguwa a ka ke jawo wa aikin ƙwaƙwalwa, ba ta fitowa a hoton kai na yau da kullum, kuma ƙasa da mutum 1 cikin 10 da ta sama ne ke suma. Shi ya sa ake neman wani abin kwatantawa. Sai dai kwatancin ba ya tsayawa sai in abin da aka auna da farko yana nan yadda yake, kuma ƙwaƙwalwar matashi ba ta zama wuri ɗaya.

Wannan shi ne kukanmu na farko, kuma shi ne mafi girma. Tsakanin shekara 12 da 18, ƙwaƙwalwa tana cikin gini. Jijiyoyinta suna samun rufin da ke ƙara wa saƙo gudu, kuma sashen gaba, wanda ke kula da tsara tunani da danne gaggawa, ba ya kammala girma sai mutum ya shiga tsakiyar shekarunsa na 20. A gwaji, abin da ya fi nuna wannan girma shi ne saurin sarrafa abin da ido ya gani da saurin amsawa: ɗan shekara 16 ya fi ɗan 13 sauri ko da babu abin da aka koya masa, kuma sauyin ya fi yawa a farkon shekarun balaga. Takalmin da aka auna wa yaro yana ɗan 13 ba zai gaya muku girman ƙafarsa yana ɗan 16 ba, to haka makin nan yake.

Mu ƙaddara yarinya ta yi gwajin tuna kalmomi tana da shekara 13, ta samu 19 cikin 30. Da an sake gwada ta tana lafiya a shekara 16, wataƙila 24 za ta samu. Sai ta yi karo da wata a fili, aka gwada ta, ta samu 20. Mai riƙe da tsohuwar takarda zai ga 20 ya ɗara 19, ya ce ai ta ma fi da. Alhali ta sauka da maki 4 daga inda take a haƙiƙa. Ku lura da inda kuskuren ya karkata. Tsohon maki kusan kullum yana ƙasa da ainihin ƙarfin yaro na yau, don haka yana ɓoye rauni ne, yana sa a sallami wanda ya kamata a riƙe. Da kuskuren yana karkata ga tsawaita wa yaro hutu ne, da damuwarmu ba ta kai haka ba.

Masana ba su ɓoye wannan ba. Ƙwararrun duniya kan girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni suna zama tun taron Biyana na 2001, kuma zamansu na 6 ya gudana a Amsterdam a watan Oktoba na 2022. Matsayar taron Balin na 2016 ta riga ta ce gwajin tushe ba dole ba ne kafin a iya kula da wanda ya bugu, sannan matsayar Amsterdam ta nuna cewa amfaninsa ga ƙananan 'yan wasa taƙaitacce ne saboda girman da ƙwaƙwalwarsu ke yi. Ƙungiyar Parachute mai aikin rigakafin rauni a ƙasar Kanada ma ta fitar da sanarwa a 2017 cewa ba a buƙatar tilasta wa yara da matasa wannan gwaji. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuwa ta ba da shawarar a riƙa sabunta yawancin sassansa duk shekara, na kwamfuta kuma kada ya wuce shekara 2. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce a yi sau ɗaya a ajiye har yaro ya gama makaranta.

Kuka na biyu shi ne amfani da ma'auni ɗaya ga kowa. Takardar gwajin da taron Amsterdam ya fitar, SCAT6, an tsara ta ne don 'yan shekara 13 zuwa sama. 'Yan 8 zuwa 12 suna da tasu daban, Child SCAT6, wadda tambayoyinta suka dace da fahimtarsu, kuma tana da gurbin da iyaye za su faɗi abin da suke gani. A ta manya ana cewa yaro ya jero watannin shekara daga Disamba ya koma baya ana duba agogo, a ta ƙanana kuwa ranakun mako ake jerowa. In kuna da ƙungiyar 'yan ƙasa da 14, to a benci ɗaya akwai masu buƙatar wannan da masu buƙatar waccan. Haka manhajojin kwamfuta suke. ImPACT, wadda ta fi yaɗuwa, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016 daga shekara 12 zuwa 59, kuma ta ƙanana daban take. Kowace manhaja tana kwatanta yaro ne da tsararrakinsa na shekaru da jinsi, saboda haka kuskure ɗaya wajen shigar da ranar haihuwa ya isa ya gurɓata duk sakamakon. Ga masu rage wa yara shekaru domin su shiga wata gasa, su sani cewa ƙaryar tana bin yaron har ɗakin likita.

Yanzu ga yadda ake yin gwajin kansa, wanda a nan ne muka fi ganin sakaci. Bincike ya nuna cewa yaran da aka gwada a taro suna samun maki ƙasa da waɗanda aka gwada su kaɗai, kuma sakamakonsu ya fi yawan lalacewa. Dalilin a fili yake: wannan yana dariya, wancan yana leƙen allon maƙwabcinsa, wani yana sauri ya gama ya fita. Gwajin kwamfuta yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 25 kuma yana auna saurin amsa da ɓangarorin daƙiƙa, don haka ko sauya linzamin kwamfuta da allon shafawa na kwamfutar cinya yana canza maki. In da linzami aka yi na farko, da linzami za a yi na biyu. Yaron da ya kwana bai yi barci sosai ba, zai ce yana jin gajiya da nauyin kai, kuma makinsa zai iya sauka. Wanda aka ciro daga atisaye yana haki zai yi ta tangaɗi a gwajin tsayuwa, shi ya sa ake so ya huta tukuna. Duk waɗannan suna saukar da makin tushe, kuma kun riga kun ga illar makin tushe mai ƙasa.

Akwai kuma yaran da ke saukar da shi da gangan. Manyan matasa, musamman masu hanƙoron a zaɓe su a babbar ƙungiya, suna gaya wa juna cewa in ka yi sanyin jiki a gwajin farko, ba za a iya cire ka ba in ka bugu. Manhajojin suna da alamomin da ke nuna sakamakon da ba a yarda da shi ba, amma ba duka suke kamawa ba, kuma alamar ba ta da amfani in babu wanda ya buɗe rahoton ya duba. A wurare da dama ba a buɗe shi sai ranar da yaro ya ji rauni, a ranar ne za a tarar makin da aka dogara da shi ba ya aiki. Ba mu ɗora wa yaran laifi ba. Yaron da ya ga cewa faɗin gaskiya zai raba shi da gurbinsa zai yi shiru, kuma manya ne suka shimfiɗa masa wannan hanya.

Gwajin takarda ma yana da ƙa'idojinsa, kuma SCAT6 ba ta yiwuwa daidai a ƙasa da minti 10 zuwa 15. Ana karanta kalmomi 10, ɗaya a kowace daƙiƙa, yaro ya maimaita abin da ya riƙe, a yi haka sau 3. Ana karanta masa lambobi ya faɗe su daga ƙarshe zuwa farko, a fara da 3 a kai har 6. Bayan aƙalla minti 5 sai a ce ya sake faɗo kalmomin nan ba tare da an tuna masa ba. In mai gwaji ya rage wannan jira domin layi ya yi tsawo, abin da ya auna ba tunawa ba ce. A gwajin tsayuwa, yaro zai ɗora hannaye a ƙugu ya rufe ido, ya tsaya iri 3, kowanne daƙiƙa 20: ƙafafu a haɗe, ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, sannan a kan ƙafa ɗaya, wadda ba ita ce mai ƙarfinsa ba. Ana ƙirga kuskure in ya buɗe ido, ko ya ɗaga hannu daga ƙugu, ko ya taka gefe. Sai tafiya a kan layi mai tsawon mita 3, dunduniya tana taɓa yatsu, ya je ya juyo ana riƙe da agogo. Dole a rubuta ko da takalmi aka yi ko babu, a kan siminti ko ciyawa, domin in an sauya ɗaya daga ciki kwatancin ya rushe. Ciwon idon sawu da yaro ya taɓa ji ma sai an rubuta shi, don yana ƙara kuskure ba tare da kai ya bugu ba.

Sannan akwai abin da yaro ya zo da shi tun daga gida, wanda ba a tambaya in ana gaggawa. Jerin alamomin SCAT6 guda 22 ne, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 6, kuma ba kowane lafiyayye ne ke farawa daga sifili ba. Mai ciwon ɓarin kai, da mai fama da damuwa, da mai matsalar barci duk za su nuna alamomi tun kafin rauni, kuma 'yan mata kan ambaci alamomi fiye da maza a gwajin tushe. Yaro mai larurar rashin tattara hankali ko wahalar karatu yakan samu maki ƙasa da tsararrakinsa, kuma makinsa yana iya bambanta tsakanin ranar da ya sha maganinsa da ranar da bai sha ba. A gaskiya irin waɗannan yara su ne gwajin tushe ya fi yi wa amfani, domin in an kwatanta su da matsakaicin maki na sa'o'insu za a ga kamar sun ji rauni alhali haka suke. Haka ma yaro mai kaifin basira sosai: zai iya sauka daga inda yake amma ya tsaya a matsakaici, a ɗauka lafiya lau. Harshe ma yana shiga ciki. Wanda aka karanta wa kalmomi a harshen da ba shi ne ya fi ƙwarewa a kai ba, zai riƙe kaɗan, kuma in aka gwada shi da wani harshe daban bayan rauni, babu abin kwatantawa.

Kuka na ƙarshe shi ne wanda ya fi tayar mana da hankali: mayar da maki ya zama alƙali. Maki yana motsi tsakanin gwaji da gwaji ko a wurin lafiyayye, kuma wanda ya maimaita gwaji yakan ƙara ƙwarewa a kansa. Bambancin maki 1 ko 2 ba ya nufin komai sai wanda ya san iyakar wannan motsi ya fassara shi. Ƙarfin SCAT6 na gano rauni yana cikin awa 72 na farko, yana raguwa sosai bayan kamar mako guda, shi ya sa aka yi wata takardar daban, SCOAT6, domin dubawa a asibiti bayan nan. Yaro zai iya cin gwajin tunani tsaf alhali kansa yana sarawa in ya yi gudu, ko haske yana damunsa a aji. Wannan yaron bai warke ba. Koci mai riƙe da takardar maki ba shi da hurumin sallamarsa, kuma bai kamata ku ɗora masa wannan nauyi ba.

Ranku ya daɗe, abin da ake gudu ba ƙarami ba ne. Zackery Lystedt yana ɗan shekara 13 a 2006 ya bugu a wasan ƙwallon Amurka, aka mayar da shi fili a wasan, ya faɗi, ya tashi da naƙasa ta dindindin. Dokar da jihar Washinton ta kafa da sunansa a 2009 ta wajabta cire duk matashin ɗan wasan da ake zargin ya samu girgizar ƙwaƙwalwa har sai ma'aikacin lafiya ya ba da izini a rubuce. Rowan Stringer, ɗaliba 'yar shekara 17 mai buga zari-ruga a Ottawa, ta rasu a 2013 bayan ta bugu a ka fiye da sau ɗaya cikin 'yan kwanaki, kuma lardin Ontariyo ya kafa doka da sunanta a 2018. Abin da waɗannan dokoki suka sa a gaba shi ne a gane rauni, a cire yaro, a hana shi komawa da wuri.

Saboda haka muna roƙonku, da farko, ku soke duk wata ƙa'ida da ke ba da damar mayar da ɗan wasa fili saboda makinsa ya kai na tushe. Ku rubuta a fili cewa duk wanda ake zargi ya bugu a ka za a cire shi nan take, ba zai koma a ranar ba ko da ya rantse cewa lafiyarsa ƙalau, kuma ba za a bar shi shi kaɗai a sa'o'in farko ba. Ku koyar da kowane koci da alƙalin wasa amfani da CRT6, takardar gane girgizar ƙwaƙwalwa da aka tsara wa waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba, kuma kyauta take. Su haddace alamomin da ke buƙatar asibiti cikin gaggawa: ciwon wuya, suma, jijjiga, amai, gani biyu-biyu, ciwon kai mai ƙaruwa, mutuwar jiki ko jin kamar ana tsira allura a hannu da ƙafa, ruɗewa ko fusata mai ƙaruwa. In kuɗinku ba zai ishi wannan horo da sayen manhaja a lokaci guda ba, ku zaɓi horon. Likita zai iya kula da yaro da kyau ba tare da gwajin tushe ba, amma ba zai iya kula da wanda ba a kawo masa ba.

In kun zaɓi ci gaba da gwajin, to a yi shi yadda zai amfanar. Shawararmu ita ce a sabunta shi duk shekara ga 'yan 15 zuwa ƙasa, ga manyansu kuma kada ya haura shekara 2, sannan a sake sabo bayan yaro ya warke sarai daga kowane rauni na kai. Ma'aikacin lafiya mai horo ne zai gudanar, a ɗaki shiru, yara ƙalilan a lokaci guda da tazara tsakaninsu, wayoyi a waje. A yi shi kafin a fara atisayen da ake karo a cikinsa, a ranar da yaro ba shi da zazzaɓi kuma ya yi barci. A rubuta awannin barcinsa, da magungunan da yake sha, da harshen da aka yi gwajin, da na'urar da aka yi amfani da ita, da tarihin duk buguwar da ya taɓa yi. A duba kowane sakamako cikin 'yan kwanaki, wanda ya lalace a sake shi. Kafin a fara, a zauna da yaran a gaya musu gaskiya: maki ba ya sa a zaɓi ɗan wasa ko a ajiye shi, kuma saukar da shi da gangan kansu zai cutar. Ku cika wannan alkawari, kada sakamakon ya je hannun masu zaɓen 'yan wasa. Bayanin lafiya ne, a adana shi a wurin ma'aikacin lafiya da izinin iyaye, a ba su kwafi domin ya bi yaro in ya sauya makaranta ko ƙungiya.

Muna kuma roƙon ku shigar da matakan komawa cikin dokokinku, ku sanar da malaman aji. Awa 24 zuwa 48 na farko hutu ne mai sauƙi tare da rage kallon waya da talabijin, ba kulle yaro a ɗaki mai duhu ba. Daga nan sai tafiya a ƙasa ko keken motsa jiki a hankali, sai atisayen mutum shi kaɗai inda babu haɗarin buguwa, sai atisaye da 'yan'uwa ba karo, sai cikakken atisaye, sannan gasa. Matakai 6 ne, kowanne aƙalla awa 24, kuma ana buƙatar izinin likita kafin a shiga na 4. Yaro zai koma cikakken karatu kafin ya koma wasan da ake karo. Birtaniya a ƙa'idarta ta 2023 ta wasannin da ba na ƙwararru ba ta hana komawa gasa kafin kwana 21, kuma muna ganin wannan iyaka ce mai kyau ga duk inda babu likita a kusa da ƙungiya. Yawancin matasa suna warkewa cikin mako 4. Wanda alamominsa suka wuce haka, a tura shi wurin ƙwararre, kuma makaranta ta sassauta masa jarrabawa da aikin gida har ya murmure.

A ƙarshe, muna neman ku sa ranar zama da ma'aikatan lafiya da wakilan iyaye kafin kakar wasa mai zuwa, a fito da duk takardun gwajin da ke ajiye, a ware waɗanda suka haura shekara 2 da waɗanda aka yi a taro ba tare da mai sa ido ba, a daina dogaro da su daga ranar. A shirye muke mu zo mu horar da masu horarwarku, mu kuma taimaka wajen rubuta sababbin ƙa'idojin.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba ku ikon sauke amana.

Naku cikin girmamawa,
Ma'aikatan lafiya masu kula da 'yan wasa matasa